Dabinon da Ke Gumi

Asabar, 7 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Yau Ustaz Jawdat ya shigo rumfar tsince dabino da takarda a hannu yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shi ne manajan ƙungiyarmu, kuma mutum ne da ko ranar Idi da ƙyar yake murmushi, don haka duk muka ajiye tsummokanmu muka zuba masa ido. Ya ce ƙasar da ke sayen dabinonmu ta sa takunkumi. Daga yanzu duk abin da aka noma a matsugunan 'yan kama-wuri-zauna ba zai sauka a tasharsu ba, har jakadansu ma sun kira gida. Masu shagunan can namu suke nema yanzu, kwantena guda cike, kafin ƙarshen wata.

Mata suka ɓarke da guɗa. Sabriyya, wadda ta girme mu duka kuma ta fi kowa baki, ta ce, "To Ustaz, shekara hamsin muna ihu, sai yau suka ji? Da can kunnuwan nasu a aljihu suke?" Amma ita ma ta rangaɗa tata.

Ni ma na yi. Zan rubuta don kada in musa daga baya: na yi guɗa har maƙogwarona ya yi zafi.

Akwai sharaɗi. Kowane kiret sai an haɗa shi da takardar da ke faɗin gonar da ya fito, kuma shugabar masu tsincewa ce za ta buga hatimi cewa daga gonar ta karɓa. Ni ke nan. In aka kama ƙwaya ɗaya ta can sama, wato ta matsugunan, a cikin kayanmu, an soke sunan ƙungiyar har abada, mu mata talatin da huɗu. Ustaz ya miƙo min hatimin, ya kira ni da sunan ɗana kamar yadda kowa ke yi, ya ce, "Umm Nizar, riƙe shi kamar idonki." Na jefa shi a aljihun riga.

Lahadi, 8, da safe

Ƙanena Burhan bai kira ba.

Talata, 10, bayan La'asar

Na biya gidan Yumma, mahaifiyarmu, na tarar da Burhan a zaune a tsakar gida da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba a lokacin girbi. Ƙanena ne, shekara huɗu na ba shi, ni na goye shi. Shekara goma sha tara ke nan yana aiki can sama, a gonar 'yan kama-wuri-zauna da ke bayan wayar shinge. Kowa a ƙauyen nan ya san ƙasar wa ce kafin a ja wayar, ba sai na rubuta ba. Babanmu ya mutu yana kallonta daga kan titi.

Na ce, "Yau hutu aka ba ku?"

Ya ce, "Hutun da guɗarku ta jawo mana. An sallami rabinmu. Ɗakin sanyinsu ya cika har ƙofa, ba mai saye."

Na ce ai dama abin da ake so ke nan. Bakina ne ya riga ni, kullum haka yake min. Ya dube ni ya ce, "Haka ne, yakhti, yayata. Allah ya ƙara nasara." Ya tashi ya shiga ɗaki ya bar shayinsa.

Yumma ta ci gaba da tsinke ganyen molokhiyya, lalon miyarta.

Alhamis, 12, ƙarfe goma sha ɗaya

Girbin bana bai yi auki ba. Rijiyoyinmu sun ƙara gishiri, 'ya'yan sun fito ƙanana, da yawa fatarsu ta saki. Muna gogewa, muna warewa, manya nan, matsakaita nan, masu sakin fata can, amma tulin manyan ya ƙi tashi. Ustaz yana shigowa sau goma a wuni ya tsaya a kan tulin ya yi ta shafa gemu, kamar shafawar za ta ƙara shi.

Ba na iya zama. Na goge teburina sau uku yau, alhali ba abin da ya zuba a kai.

Juma'a, 13, ƙarfe huɗu

Abincin Juma'a a gidan Yumma kamar kullum. Makluba ta yi, shinkafa da nama da ake juyewa a tire, ta kife tukunyar ta tsaya cak ba ta rushe ba, yara suka yi tafi. Tahrir, matar Burhan, ta zuba min ba ta kalle ni ba. Cikinta ya tsufa, na biyar ke nan.

Ana cikin ci Burhan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Gonar Yumma ta yi kyau bana. Zan kawo muku ranar Litinin."

Gonar Yumma ita ce 'yar abin da ya rage mana a ƙasan titi. Na bi ta cikinta makon jiya. Na san abin da ke kan bishiyoyin nan kamar yadda na san abin da ke cikin tukunyata.

Na ce, "Masha Allah."

Litinin, 16, ƙarfe tara na safe

Sun iso. Kiret arba'in a bayan motar wani maƙwabcinsa, tsofaffin kiret ɗinmu na gida, an rubuta sunan Yumma a jikin kowanne. Har ƙura an barbaɗa a sama. Burhan ya sauke su ya jera a bakin rumfa, ya gaida mata ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Na sa hannu a na farko. Sanyi.

Dabinon da aka tsinko daga gona da ɗumi yake zuwa, wani lokaci har ya ƙona maka yatsa in ya sha rana a hanya. Wannan kuwa, kafin in gama cire hannuna ya fara tsattsafo da ruwa. Gumi yake yi. Ƙurar da aka barbaɗa ta jiƙe ta koma taɓo-taɓo a jikinsa. Dabino ba ya gumi sai in daga ɗakin sanyi ya fito, kuma gonar Yumma ko inuwar kirki ba ta da ita, balle ɗakin sanyi.

Wawa. Shekara goma sha tara a saman bishiya, ya san dabino tun yana fure, amma bai taɓa tsayawa a teburin tsincewa ba. Da ya bar shi ya wuni a rana ya huce, da wataƙila sai na yi da gaske kafin in gane. Ya Allah, me ya sa bai bar shi ya huce ba?

Litinin, ƙarfe ɗaya

Duk sun gani. Rumfar da ba ka jin muryarka saboda surutu, yau ƙarar fanka kawai ake ji.

Sabriyya ce ta ɗauki ƙwaya ɗaya, babba kamar babban yatsan namiji, ta juya ta a haske ta ce, "Tubarkalla. Hajjarku ta fara shayar da bishiyoyinta da ruwan Zamzam ne?" Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta haɗiye ta a hanya.

Na ce a kai su bayan rumfa a rufe da buhu, sai na duba su da kaina.

Talata, 17, da safe

Ban buga ba.

Laraba, 18, ƙarfe biyar na yamma

Na same shi a gonar Yumma yana kwance buhunan raga daga jikin nonnan da aka gama tsinkewa. Ban yi sallama ba. Na ce, "Burhan, yana gumi."

Ya tsaya da hannu a sama. Can ya ce, "To?"

"To me? Ni za ka mayar mahaukaciya a gaban mata?"

Ya sauko daga tsani a hankali. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun rasuwar Baba. Ya ce, "Faɗa min, yakhti, dabinon wa ne? Ƙasar ta ubanki ce. Ruwan na idon ruwanmu ne da suka toshe. Ni na dasa rabinsu da hannun nan. Ni nake hawa in sa musu garin namiji, ni nake rage 'ya'yan, ni nake ɗaura raga, ni nake tsinka. Shi mai gonar ko sunayensu bai sani ba. Sai wani Bature a ofis ya ce wannan ba dabinon Falasɗinu ba ne? To na ina ne? Rubuta sunan Yumma a kai ita ce gaskiya ta farko da aka taɓa faɗa game da shi."



Na ce, "Kuɗin aljihun wa zai shiga?"

Ya naɗe buhun ragar da ke hannunsa ya jefar gefe.

Sai ya faɗa min sauran. Mai gonar ya kira shi gefe ya ce ya san yayarsa ce ke riƙe da hatimi. Arba'in ɗin nan gwaji ne. In sun wuce, takardar izinin shigarsa tana nan, aikinsa yana nan. In sun dawo, ya ajiye takardar a bakin ƙofa kada ya sake waiwayar gonar.

Ya ce, "Bugu ɗaya ne, Rudaina. Ko hannunki ba zai yi ciwo ba."

Ya kira ni da sunana. Rabon da ya yi haka tun muna yara.

Alhamis, 19, ƙarfe goma

Ustaz ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce da kiret ɗin Hajja kwantena za ta cika daidai, ba tare da su ba sai ta tafi da gibi, kuma masu saye ba sa son gibi a karon farko.

Na ce, "Ustaz, ka taɓa su da hannunka?"

Ya ɗaga tafukansa biyu kamar na nuna shi da wuƙa. "Ni ban taɓa komai ba, ban ga komai ba, ban tambaye ki komai ba. Ni takarda nake jira. Ke ce gwana, Umm Nizar."

Gwana. Maza kenan, in abu ya yi wari sai su tuna mace gwana ce.

Alhamis, bayan Azahar

Ban buga ba. Hatimin yana aljihuna, ina jin nauyinsa a cinyata duk inda na juya.

Juma'a, 20, ƙarfe uku

Na aika wa Yumma cewa kaina ke ciwo. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Na wanke labule. Na wanke wanda na wanke makon jiya. Na fito da tukwane duka na sake jera su. Da na gama na tsaya a tsakar ɗaki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Bayan an sauko daga masallaci Tahrir ta ƙwanƙwasa, ta kawo min abinci a rufe. Ta ƙi zama. Ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu saboda nauyin cikin, ta ce, "Umm Nizar, ni ban san siyasa ba. Na san baki bakwai ne a gidana, na takwas yana hanya. Su waɗanda suka sa takunkumin za su aiko mana da gari?"

Na ce, "Akwai baki a gidajen mata talatin da huɗu ma."

Ta ce, "Su ba ƙannenki ba ne."

Ta tafi ta bar kwanon. Ban buɗe ba har yanzu.

Asabar, 21, lokacin hutun rana

Na zagaya bayan rumfa in duba kiret ɗin. Sun huce, sun bushe, yanzu ko ni sai na lura sosai. Na tarar da Sabriyya zaune a kan kiret ɗaya tana shan taba a ɓoye kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Zauna, 'yar nan, ba zan cije ki ba. Ɗana ma can yake aiki, kin sani. Wa ke ƙauyen nan da bai taɓa cin burodin can sama ba? In kin buga ba zan buɗe baki ba, wallahi. Sauran ma ba za su buɗe ba."

Na ji sanyi a raina, har na fara gode mata. Sai ta ƙarasa.

"Amma ki sani, arba'in ba ya tsayawa a arba'in. Wata mai zuwa ɗari huɗu ne. Kuma daga ranar ba Ustaz ne manajanmu ba, mutumin can ne, ke kuma ke ce akawunsa."

Da ta tafi na ɗauki ƙwaya ɗaya na ci. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya kai. Ya fi namu nesa ba kusa ba, laushi kamar man shanu, ba ɗigon gishiri. Haka na Baba yake a da. Na zauna a wurin na yi kuka kamar wata sakarya, da ƙwallon a bakina.

Lahadi, 22, ƙarfe takwas na safe

Na ciro takardar, na shimfiɗa a tebur, na rubuta sunan gonar Yumma. Na ciro hatimin, na danna shi a tawada.

Na daɗe a haka. Tawadar ta bushe a jikinsa.

Lahadi, ƙarfe goma sha biyu

Shekara da shekaru muna cewa duniya ta daina saye, ta daina saye kawai, ba ma roƙon komai. Yau wasu mutane da ba su san mu ba sun daina. Ni kuma in zama ƙofar baya.

Amma Burhan ne ya ɗauki gawar ɗana Nizar a kafaɗa ranar da ba wanda ya iya fita. Ba zan rubuta wannan ba.

Lahadi, bayan La'asar

Ban buga ba. Ban yaga ba.

Litinin, 23, ƙarfe tara

Jibi mota za ta zo ɗaukar kaya. Na shiga ofis ban ƙwanƙwasa ba, na ce, "Kiret ɗin Hajja ba su cika sharaɗi ba. Kwantena za ta tafi da gibi." Ustaz ya buɗe baki, na ce, "In kana so su tafi, ga hatimin, buga da hannunka." Na ajiye masa a tebur. Ya dube shi kamar kunama, ya tura min abina da bayan biro.

Na fito na kira Burhan kafin ƙarfin zuciyata ya gudu. Na ce, "Ka zo ka kwashe."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "A'a. Ka zo ka kwashe."

Talata, 24, ƙarfe goma sha ɗaya

Ya zo shi kaɗai. Na so ya bi ta baya, sai ya faka motar a gaban rumfa inda kowa ke gani, ya riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya yana ratsa tsakiyarmu. Sau arba'in ya wuce ta gaban teburina. Na tashi zan kama masa, ya ce, "Bari, Umm Nizar, kada hannunki ya ƙazantu."

Mata suka sunkuyar da kai suna ta goge dabinon da suka riga suka goge.

Laraba, 25, da rana

Kwantena ta tafi. An yi guɗa. Ni ina ban-ɗaki.

Juma'a, 27, ƙarfe biyar

Sun karɓe takardar izinin Burhan jiya a bakin ƙofa. Ko kayan aikinsa ba su bari ya shiga ya ɗauko ba, wani ne ya miƙo masa igiyar hawansa ta saman waya.

Na je abincin Juma'a don kada a ce na ɓuya. Shi da Tahrir ba su fito ba. Mu biyu muka ci, ni da Yumma, a gaban tire da zai ishi mutum goma. Ban san abin da ta sani ba, don ba wanda ya gaya mata komai. Da na tashi tafiya ta riƙe min hannu ta ce, "Sunana ne a jikin kiret ɗin, ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "Da kin buga da na tsine miki. Kin kyauta, 'yata." Ta saki hannun. "Amma kada ki zo Juma'a mai zuwa. Bari yaron ya iya cin abinci."

Litinin, 30, da safe

Masu saye sun aiko, kaya sun yi musu, suna son wata kwantenar. Ustaz ya kawo kayan zaƙin kunafa daga garin Ariha ya raba. An ce in yanka tunda ni ce gwana.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na tambayi Ustaz ko ƙungiya za ta ɗauki mai hawa. Ya ce girbi ya ƙare, sai bazara, kuma bazara ma masu gonaki da 'ya'yansu suke hawa. Na san haka kafin in tambaya.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

Ina dawowa daga rumfa na hango Burhan a gefen titi, tsaye a jikin waya, hannuwa a baya. Na ce wa direba ya sauke ni. Na je na tsaya kusa da shi.

A ciki wasu sababbin ma'aikata ne, baƙi daga wata ƙasa mai nisa, suna kan injin ɗagawa suna sare ganye. Bai juyo ba, bai gaishe ni ba. Ya nuna da haɓa ya ce, "Dubi abin da suke wa bishiyar bakin rijiyar can. Kore suke sarewa. In suka ci gaba haka baɗi ba za ta haihu ba."

Ya ɗaga murya ya yi musu ihu da Larabci, ya sake da Ibrananci, su bar koren, busasshen kawai. Ba su ji ko ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago mana hannu yana murmushi, ya ci gaba da sara.

Muka tsaya muna kallo har suka gama da ita suka matsa ta gaba.

Ya ce, "Da kin buga, da ni ne a sama yanzu."

Na ce, "Na sani."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na nemi kalmar haƙuri a bakina ban same ta ba, don in aka dawo da kiret ɗin gobe haka zan sake yi, kuma ya sani. Ya gyaɗa kai, ya juya ya kama hanyar ƙauye. Na bi bayansa, taku goma tsakaninmu, har gida bai waiwayo ba.